Ranar da Na Riƙe Rigar Kawu a Bakin Rijiya

Ko shekara nawa Allah Ya ara mini a duniya, ba zan manta da ranar da injin ban-ruwa ya mutu a cikin rijiyar Kaka ba. Ba mutuwar injin ce ta tayar mini da hankali ba, inji ai ya saba mutuwa. Abin da ya sa gabana ya yanke ya faɗi shi ne maganar da yayana ya yi bayan wurin ya yi tsit. Ya leƙa rijiyar, ya tuɓe takalmansa, ya ce, "Bari in sauka in duba, yanzu zan dawo." Wallahi nan take tsigar jikina ta tashi, don na san wannan maganar. Na ji ta a bakin mutane ba adadi, kuma duk cikin waɗanda na ji sun faɗe ta babu ko ɗaya da ya dawo.

Sai dai duk a fim na ji ta, kuma a nan matsalata take.

A lokacin na gama sakandare, ina zaune a gidanmu a Yalwawa ina jiran samun gurbin ƙaro karatu. Ba aikin fari ba na baƙi, sai wanke-wanke da shara da waya. A nan na faɗa kallon finafinan ban tsoro, irin waɗanda ake fassarawa da Hausa, ana tura mana a waya a shagon mai caji. Abin dariyar shi ne duk gidanmu babu matsoraciya kamata. Kyankyaso ma in ya tashi sama sai na bar masa ɗakin. Shi ya sa ake ce mini farar kura. Kallon ma da rana tsaka nake yi, ƙofa a buɗe, hannu ɗaya a kan fuska ina leƙe ta tsakanin yatsu.

To amma yawan kallon ya sa na gane wani abu: duk hanya ɗaya suke bi. Za a kai mutane wani wuri da ke nesa da jama'a. Za a sami mutum ɗaya ya ce shi fa hankalinsa bai kwanta ba, a yi masa dariya. Can sai wuta ta ɗauke ko inji ya mutu ba gaira ba dalili, wuri ya yi shiru. Sai wani mai ji da ƙarfinsa ya miƙe ya ce bari ya duba ya dawo. Ba zai dawo ba. Maimakon sauran su tsaya su yi tunani, sai na biyu ya bi shi yana kiran sunansa, shi ma shiru, sai na uku ya bi na biyu. Wannan wurin shi ya fi ƙona mini rai, har magana nake yi wa wayar, ina cewa, "Kai wawa, ina za ka?" In an ɗauko waya ba sabis, in an shiga mota ta ƙi tashi. A ƙarshe sai a bar yarinya ɗaya, galibi wadda ta fi kowa tsoro. Kuma ko ita ɗin, sai ta zauna ta ce alhamdu lillahi an gama, sai ka ga wani hannu ya ɓullo ta bayanta.

Cikin bazarar shekarar Umma ta ce mu je ni da Yaya mu yi wa Kaka kwana biyu a ƙauyensu, can gaba da Kiyawa, sai an bar kwalta an yi tafiya a cikin burji. Kaka tana zaune ne tare da Kawu, wan Umma. Kawu manomi ne, kuma shi ke ba da sallah a masallacin unguwarsu. Mutum ne mai kwarjini, ba ya yawan magana. Tun ina ƙarama ban taɓa haɗa ido da shi ba. In zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, in ya amsa in tashi sum-sum in ba shi wuri. Kwana biyu da zuwanmu ya tarar da ni a gindin darbejiya na toshe kunne da abin saurare ina kallo ta tsakanin yatsu. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ikon Allah. Mutane na neman tsari daga tsoro safe da yamma, ke kuma har caji kike yi masa." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Rijiyar gidan tsohuwa ce, Kaka ta ce ko da aka kawo ta gidan a nan ta same ta. Tana da zurfi sosai, bakinta kuma ƙarami ne, an gitta masa gumagumai biyu na itace da igiyar guga ta cinye har ta yi musu zane. A jikin bangonta akwai 'yan ramuka na taka ƙafa. Shekarar ruwanta ya ja baya, abin da ya rage ya zama caɓi, shi ne aka ce sai an yashe ta. Akwai tsohon da ke yi musu yasa, amma ranar kasuwa ce, shi da kusan duk mazan ƙauyen sun tafi. Yaya kuwa ba ya iya zama. Ya ce me za a jira, ai sai a kwashe ruwan tun yanzu a rage wa tsoho aiki. Ya je fadama ya aro injin ban-ruwa mai shan fetur.

Da aka zo haɗawa sai tiyon ya gaza, bai kai ga ruwan ba. Yaya ya ce wannan ba matsala ba ce, in tiyo bai kai ba sai a kai masa injin. Suka ɗaure injin da igiya shi da Kawu, suka tayar da shi, suka zura shi a hankali har tsakiyar rijiyar, suka ɗaure igiyar a jikin gungume. Abu ya yi kyau. Jan ruwa ya dinga bulbulowa yana malala cikin 'yan shukokin Kaka, tana ta sa albarka. Daga hantsi har rana ta kusa take tsaka injin na ruri a cikin ramin nan. Can sai ya yi tari sau biyu, ya mutu.

A nan ne Yaya ya faɗi maganar nan.

Na ce, "Yaya, don girman Allah kar ka shiga."

Ya juyo yana dariya. "To fa, farar kura ta fara. Dodon fim ɗinki ne a ciki? In na gan shi zan ce kina gaishe shi."

"Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ka bari mai yasa ya dawo."

"Ke, injin mutane ne fa. In bar shi a rataye har yamma?"

Kaka tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ta ce, "Rabu da ita, angona. Wannan ko inuwarta ta gani sai ta kira liman."

Kowa ya yi dariya, har Kawu sai da ya murmusa. Ni kuwa dariyar ce ta ƙara ruɗa ni, don ita ma na san ta. Na ga an yi wa mai gargaɗi dariya, na ga inji ya mutu, na ji an ce yanzu zan dawo. Saura me? Na rasa yadda zan yi in faɗi haka a gaban Kawu ba tare da an ce na taɓu ba. Sai na ruga na kwanto doguwar igiyar guga, na zo na tsaya a gaban Yaya hawaye na zuba. Na ce, "To ka bari in ɗaura maka wannan. In ka bari, ba zan sake cewa komai ba."

Ya ɗaga hannuwansa sama yana ƙyaƙyatawa. "Zo ki ɗaure, na zama bunsurun Kaka."

Na zagaya ta a ƙugunsa, na bi da ita ta ƙarƙashin hammatarsa, na yi mata ƙulli uku irin wanda muke yi wa akuyarmu mai tsinke turke. Ɗaya bakin na kai shi gindin darbejiya na naɗe na ƙulle. Na ja ƙullin na gwada, bai kwance ba.

Ya fara sauka yana taka ramukan nan, yana ta zolayata daga ciki. "Ga ni nan, har yanzu ban ga mai jajayen idanu ba!" Muryarsa na ƙara nisa. Na durƙusa ina sakar masa igiya a hankali. Sai na ji ya ce, "Kai, wurin nan da zafi." Aka ɗan jima ya ce, "Kawu, kaina ne ke..." Bai ƙarasa ba. Igiyar ta fizge daga hannuna har ta ɗaye mini fata, ta miƙe gam tsakanin rijiya da darbejiya.

Kawu ya kira sunansa. Shiru. Ya sake kira da ƙarfi. Ba abin da ya dawo sai amon muryarsa.

Kaka ta watsar da wakenta ta ɗora hannu a ka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mutanen ɓoye sun riƙe shi! Na faɗa muku rijiyar nan ba a shigarta da tsakar rana!" Ba ta taɓa faɗa ba, amma wa ke ta wannan.

Ina waiwayowa na ga Kawu ya jefar da hularsa, ya shure takalmi, yana karanta Ayatul Kursiyyu da sauri. Ya riga ya zura ƙafa ɗaya tsakanin gumaguman nan. Ga na biyu zai bi na farko yana kiran sunansa, a gaban idona, ba a waya ba.

Ban san lokacin da na isa gare shi ba. Ni da ko inuwarsa ba na takawa, na cakumi bayan jamfarsa da hannu biyu, na zauna daɓas a ƙasa da duk nauyina. Na ji rigar ta yi ƙeee, ta yage daga wuya.

"Ke! Sake ni! Kin haukace ne?"

"Kawu, ka yi mini duk hukuncin da za ka yi, amma wallahi ba za ka shiga ba!"

"Ɗan 'yar'uwata ne a ciki! Me zan gaya wa uwarku?"

"Abin da ya kayar da shi yana nan a ciki, Kawu, bai tafi ko'ina ba! In kai ma ka faɗi, wa zai ciro ku? Ni da Kaka?"

Ya ɗaga hannu zai make ni, na rufe ido ban saki ba. Na ce da iyakar muryata, "Akwai igiya a jikinsa! A yi addu'ar a nan sama, a ja igiya!"

Sai na ji ya tsaya. Ashe a cikin ruɗewa ya manta da igiyar sam, ita da aka ɗaura a gabansa ɗazu. Ya dube ta a miƙe, ya dube ni, a karon farko a rayuwata muka haɗa ido. Ya zaro ƙafarsa. Ya ce, "Kama."

Muka kama. Ihun Kaka ya riga ya tara matan maƙwabta, wata da muciya a hannu, wata da goyo. Suka jeru a bayanmu. Kawu na cewa, "Bismillahi, ja!" muna ja, ya ce, "Riƙe!" mu riƙe. Ban taɓa sanin mutum yana da nauyi haka ba. Daga baya muka gane cewa igiyar ce ta tare shi a sama da ruwan, da babu ita da kansa zai fara shiga caɓin.

Muna cikin ja sai abu ya cije. Aka ja, aka ja, ya ƙi. Kawu ya leƙa ya ce kafaɗarsa ce ta maƙale a ƙarƙashin gungume, in aka ƙara ja da ƙarfi wuyansa zai karye. Shi ba dama ya saki igiya, shi ne ƙarfinmu. Matan kuma duk manya ne, ba wadda za ta shiga tsakanin itacen nan. Suka dubi juna, sannan suka dube ni, ni 'yar siririya.

Zan so in ce jarunta ce ta kai ni, amma ƙarya ba ta da kyau. Kuka nake yi, ina cewa wayyo Umma. Na kwanta rub da ciki, wata mata ta danne mini ƙafafu, na ja numfashi na riƙe, na zura kaina da kafaɗuna a cikin rijiyar. Duhu, zafi, ga wani warin hayaƙin fetur da ke shiga ido. Na yi niyyar ba zan numfasa ba sai na fito. Ina laluben rigarsa sai igiyar ta juya da shi, hannunsa ya lilo ya taɓa mini fuska, a sake, da sanyi. Hannun nan da nake jira a ƙarshen kowane fim! Na ƙwalla ƙara, kuma da ƙarar na zuƙi iskar nan har cikin cikina. Nan take na ji kaina ya sara. Amma hannun Yaya ne, ba na kowa ba. Na damƙi wuyan rigarsa, na tallafe kansa, na tura kafaɗar gefe da duk ƙarfin da ya rage mini, na ce, "Ku ja!"

Aka fito da shi aka shimfiɗe a inuwa. Idonsa a rufe, jikinsa ya saki, amma da Kawu ya kara kunne ya ce yana numfashi kaɗan-kaɗan. Na miƙe zan ɗauko wayata, ƙasa ta juya da ni, na durƙusa na yi ta amai. Da na samu na duba wayar, ba sabis ko ɗigo. Kawu ya turo babur ɗinsa ya buga, ya buga, ya ƙi tashi. A nan ne, Allah Ya yafe mini, na fashe da dariya ina kuka, har matan suka fara tofa mini addu'a suna cewa ni ma an shafe ni. Ina zan fara yi musu bayani?

Da amalanke aka kai mu bakin kwalta, matan nan da kansu suka ɗaura wa shanu. Abin da na iya tunawa shi ne kan Yaya a cinyar Kawu, da ƙarar ƙafar amalanke, da rana a idona. Motar da ta tsaya ta kwashe mu zuwa Dutse ban san kalarta ba.

Na farka a asibiti da abin taimakon numfashi a hancina, Umma na zaune a gefena idonta ya kumbura. Ta ce Yaya ya farfaɗo, yana ɗakin maza. Ban yarda ba. Kowa na hamdala, ni kuwa na ƙi sakin jikina, don a sanina daidai lokacin da aka ce an gama ne abu ke dawowa. Kaina na ciwo kamar ana sara da gatari, ina jin zuciyata na gudu, na ce shi ke nan, abin yana cikin jinina yana jira in yi barci. Duk nas ɗin da ta wuce sai na tambaye ta ko zan mutu.

Washegari bayan la'asar likita ya shigo, Kawu na biye da shi, a bayansu kuma Yaya ne yana takawa a hankali, ya dafa bango. Likitan ya duba ni, ya duba takardata, sannan ya tambayi yadda abin ya faru. Da Kawu ya gama ba shi labari sai ya girgiza kai. Ya ce ba aljani ba ne, hayaƙin injin ne ya taru a ramin ya cinye iskar, har injin da kansa ya mutu don ya rasa ta. Ya ce irin wannan hayaƙin ba ya yi wa mutum sallama, kafin ya ankara ƙafarsa ta saki, kuma abin da ya fi ba su tsoro shi ne masu bin baya, don kowa ya shiga ceto a nan yake zama. Sai ya ce, "Wa ya hana na biyu shiga?"

Kawu ya juya wa likita baya, ya nuna masa jamfarsa. Ashe tun jiya bai sauya ta ba, tana nan a yage daga wuya har tsakiyar baya. Ya ce, "Ga aikinta nan. Ita ta ɗaura igiyar, ita ta hana ni, ita ta shiga ta fito da shi."

Yaya ya ce da dasasshiyar murya, "Farar kura, ashe dai akwai dodon."

Umma ta ce a kawo rigar ta ba tela. Kawu ya ce, "A'a. Kar wanda ya ɗinke ta."

Na tattaro ƙarfin hali na ce, "Likita, don Allah gaya mini gaskiya. Ya ƙare ke nan? Ba abin da zai dawo daga baya?"

Ya yi dariya ya rufe takardar. "Ya ƙare, 'yan mata. Kin tsira, yayanki ma ya tsira. Gobe da safe ku tafi gida."

Sai a lokacin na ji numfashina ya sauka har ƙasa, kamar tun a bakin rijiyar nake riƙe da shi.

Shekaru sun shuɗe, amma har yau ba na iya leƙa rijiya, ko ƙarar injin ban-ruwa na ji sai tafin hannuna ya jiƙe. Tsoron bai bar ni ba, kuma na daina jin kunyarsa. Ba zan ce fim ya koya mini ilimin iska ba, ni ma a ranar ban san me ke cikin ramin ba. Abin da na sani kawai shi ne, in mutum ya shiga wuri ya yi shiru, ba a bin sa da ƙafa, da igiya ake bin sa. Kuma in matsoracin gida ya ce hankalinsa bai kwanta ba, a yi masa dariyar in an ga dama, amma a bari ya ɗaura igiyarsa tukuna.